Mofa: Tarihin Abin Goge Ɗaki a Ƙasar Roni da Kewayenta

Mofa doguwar sanda ce mai tarin zare ko ƙyalle a ƙarshenta, wadda ake tsomawa cikin ruwa, a matse, a goge ƙasan ɗaki da ita mutum yana tsaye. Sunan aro ne daga Turanci, haka ma sunan aikin, domin mata kan ce "bari in yi mofin" kamar yadda suke cewa "bari in yi shara". A Roni, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure tare da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi, mofa baƙuwa ce ta baya-bayan nan, haka kuma take a Babura da ke maƙwabtaka da masarautar. Abin da ya jinkirta zuwanta shi ne ƙasan ɗakin kansa. Sai da aka sauya abin da ake takawa kafin aka sauya abin da ake gogewa da shi.

Zamanin daɓe

Kafin siminti, ƙasan ɗakin Bahaushe daɓe ne, kuma aikin mata ne tun daga farkonsa har ƙarshensa. Idan an gama ginin ɗaki, musamman ɗakin da za a kawo amarya, sai a kawo tsakuwa ko marmara a baje, a jiƙa, a gayyato matan unguwa. Kowace ta zo da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin baki da mariƙi. Su jeru a durƙushe suna bugun ƙasa tare, hannu na tashi hannu na sauka, ana waƙa ana amshi, ana yi wa kishiya da dangin miji habaici. Waƙoƙin daɓe har yau suna cikin abubuwan da ɗaliban adabin baka suke nazari a jami'o'i. Idan ƙasa ta kwanta sai a yayyafa mata makuba, wato ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, wasu kuma su yi amfani da ruwan bagaruwa. A sake bugu, a bari ya sha iska, a ƙara. Daɓen da ya ji makuba yakan yi duhu-duhu da sheƙi, ya yi tauri, ya shekara da shekaru bai fashe ba.

Amma duk taurinsa, ƙasa ce. Idan aka malala masa ruwa kullum, aka bi shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai ya fara laushi yana zaizayewa. Saboda haka abin da ya dace da shi tsintsiya ce. Mace takan ɗebo ruwa a ƙwarya ta yayyafa da hannu don ƙura ta kwanta, sannan ta sunkuya ta share, ta shimfiɗa tabarmar kaba ko buzu.

Tsintsiyar ma iri-iri ce. Akwai ta laushi, wadda ake yi da ciyawar da ake yankowa da kaka idan ta fara bushewa, ita ce ta cikin ɗaki. Akwai mai ƙarfi ta tsakar gida da ƙofar gida. Daga baya fatauci ya kawo tsintsiyar kwakwa daga kudu, wadda ake fiƙe ta daga ganyen bishiyar manja, ba ta jin tsoron ruwa, shi ya sa ta zama ta wanke makewayi da magudana. Sharar da aka tara ba asara ba ce: ana zuba ta a juji tare da toka da kashin awaki, idan bazara ta yi a loda wa jaki a mangala a kai gona taki. Wannan kayan aiki ya shiga harshe ya zauna daram, har ana cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya idan ana nufin haɗin kai, ga kuma camfin da ke hana shara da dare. Mofa ba ta samu karin magana ko ɗaya ba tukuna, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙuruciyarta.

Addini ma ya san ruwa a kan ƙasa, amma ta wata fuska. A hadisin balaraben ƙauye da ya yi fitsari a masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya sa a zuba guga na ruwa a wurin. Ƙasa tana shanye ruwa, shi ke nan an gama. Siminti da tayil kuwa ba sa sha, dole a san yadda za a kwashe ruwan bayan an zuba.

Siminti da tsumma

An fara yin siminti a Nijeriya a Nkalagu a 1957, sai Ewekoro a 1960. A Arewa, masana'antar Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya buɗe ƙofar shigo da siminti, har a 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas wata da watanni. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta gina azuzuwa a ƙauyuka. Yara da yawa a karkarar tsohuwar Jihar Kano, wadda Roni take cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, a aji suka fara zama a kan siminti kafin su gan shi a ɗakin uwarsu.

Sannu a hankali siminti ya shiga gidaje, madaɓi ya koma bayan rumbu, gayyar daɓe ta yi ƙaranci. Sai ledar ɗaki ta biyo baya, mai zanen furanni ko murabba'i, wadda ta zama dole a kayan ɗakin amarya. Siminti da leda duka suna jure ruwa, kuma suna nuna datti fiye da daɓe. Abin da aka fara gogewa da shi tsumma ne: tsohon zane, ko yagaggiyar riga, ko tawul da ya gama aikinsa. A tsoma a roba, a murɗe da hannu biyu, a durƙusa ko a sunkuya, a riƙa ja da baya har bakin ƙofa. Duk wadda ta yi wannan aiki da tsohon ciki ta san abin da ƙugu da gwiwa suke gani. Har yanzu akwai iyaye mata da ke ganin gugar tsumma ta fi fita, wai mai mofa lallaɓa datti kawai take yi, kuma a kan kusurwoyi da ƙarƙashin gado suna da gaskiya.

Inda aka ƙera ta

Ɗaura ƙyalle a kan sanda tsohuwar dabara ce a Turai, sunanta na Turanci ma ya bayyana a rubutun Ingila tun ƙarshen ƙarni na 15. Abin da masu ƙere-ƙere suka yi ta fama da shi abu biyu ne: yadda za a riƙe ƙyallen a jikin sanda, da yadda za a matse shi ba tare da hannu ya shiga ruwan datti ba. A 1893 wani baƙar fatan Amurka daga jihar Michigan, Thomas W. Stewart, ya yi rajistar mallakar wata mofa mai maƙalin ƙarfe da ke damƙe ƙyalle, a cire shi a wanke ko a sauya idan ya tsufa.

Wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne Manuel Jalón Corominas, injiniyan sojan sama na ƙasar Sifaniya. A lokacinsa matan ƙasar durƙushe suke wanke ƙasa da tsumma, kamar dai matanmu. Da aka tura shi horo Amurka, ya ga yadda ake goge rumfunan jiragen sama a tsaye da sanda da bokiti mai matsewa. Da ya dawo, ya fara ƙera irinta a 1956 a birnin Zaragoza. A 1964 ya fito da bokitin roba mai wani kwando kamar mazurari a bakinsa, a cusa kan mofa a ciki, a murɗa, ruwa ya tsiyaye. Wannan jan bokiti ko shuɗi mai kwando da ake gani a shagunan Kazaure da Kano jikan wancan ne.

Daga nan gyare-gyare ne. A 1970 wani masani a kamfanin Toray na Japan, Miyoshi Okamoto, ya samar da zaren roba mai tsananin siriri, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, shi ne tushen ƙyallen da ake kira maikurofaiba. A 1990 Joy Mangano ta Amurka ta ƙera mofa mai matse kanta idan an murɗa mariƙinta, har aka yi fim a kan rayuwarta a 2015. Sannan ga mai bokitin da ke jujjuya kan mofa da sauri idan an danna sanda ko an taka da ƙafa, wadda yawanci daga ƙasar Sin ake shigo da ita.

Yadda ake yin ta

Mofar da aka fi saya a kasuwanninmu sassa uku ce: zare, da kai, da sanda. Zaren mai kauri ne, sakwa-sakwa, ba a murɗa shi sosai, domin zaren da ya murɗu da ƙarfi ba ya shan ruwa. Galibi ba da auduga mai daraja ake yin sa ba. Ragowar masaƙu da yankakkun ƙyallaye ake sake ɓarzawa a kaɗa, a gauraya da zaren roba don ya ƙara ƙwari, shi ya sa idan aka duba da kyau ake ganin ɗigon launuka a jikin farin. Ana nannaɗe shi a kan ma'auni, a yanka tsawo ɗaya, a ninka biyu, a damƙe tsakiyar. Idan an bar bakin zaren a yanke, mofa tana da araha amma tana warwarewa tana zubar da gashi. Idan an bar shi a lanƙwashe an ɗinke, ta fi daɗewa, irinta ce asibitoci da otal-otal suka fi so.

Kan mofa roba ce. Ana narka ƙwayoyin roba a inji, a tura narkakken cikin mazubin ƙarfe, ya huce cikin daƙiƙoƙi, ya fito da ramin da sanda za ta shiga. Da irin wannan inji masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suke yin bokiti da buta da kujera, kuma wani ɓangare na ƙwayoyin daga masana'antar Eleme ta Jihar Ribas yake zuwa, wani kuma tsohuwar roba ce da 'yan jari-bola suka tsinto aka niƙa. Sanda kuwa ko katako ko siririn bututun ƙarfe da aka lulluɓe da leda. Nan ne raunin yake. Bututun yana tsatsa ta ciki, ya karye daidai wuya, shi ya sa a gidaje da yawa za ka tarar da kan mofa na kanti an kafa masa sandar gida da ƙusa.

Akwai kuma ta hannu, wadda ba ta bi ta masana'anta ba: a tattaro ƙyallayen da tela ya zubar, an fi son na rigunan sanyi ko na shimi don sun fi shan ruwa, a yayyanka su tsawo-tsawo, a danne su a guntun katako da ƙusa ko waya. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki.

Abin takaicin shi ne, kayan da ya kamata a ce yankin auduga ya fi kowa iya yi, da yawansa daga waje yake zuwa. Masaƙar Kaduna ta farko ta buɗe a 1957, Kano ma ta yi nata zamanin, Funtuwa da Gusau suna gurzar auduga. Zuwa shekarun 2000 akasarin manyan masaƙun sun rufe, ragowar zaren da ake yin mofa da shi ta ragu tare da su. Hanyar da take bi zuwa Roni a yau ita ce hanyar sauran kayan masarufi: daga kasuwannin Kano irin su Sabon Gari, a bi titin Kano zuwa Daura a sauke a Kazaure, daga nan 'yan koli da masu shaguna su rarraba.

Matsayinta a yau

Tayil ne ya tabbatar da mofa. Ƙasa mai santsi da sheƙi ba ta ɓoye komai, da hunturu kuwa, idan iska ta taso da ƙura daga arewa, za a goge da safe, kafin azahar a iya rubutu da yatsa a kai. Gidajen ma'aikata, da masallatan da aka sabunta, da asibitoci, da shagunan magani su ne suka fara riƙe ta, yanzu kuma takan shiga kayan amarya tare da bokitinta. A asibiti ƙa'ida ita ce a ware ta ɗakin haihuwa dabam, ta makewayi dabam, a wanke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, domin mofa ɗaya mai yawo ko'ina tana raba cuta ne. A gida ma haka: idan aka jingine ta a jiƙe bayan ƙofa, kwana biyu sai ta fara tsami. A ɗauraye ta, a kifa ta a rana, kai sama, ba ya cin ko kwabo.

Tana kuma bukatar ruwa, bokiti guda ko biyu a kowace guga. Inda sai an je rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, ko an sayi jarka wurin mai kura, wannan lissafi ne da uwargida take yi kafin ta tsoma ta. A ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Roni, inda ɗakuna da yawa har yanzu na ƙasa ne, ba ta da aikin yi sam. Ko a gidan da aka shimfiɗa tayil tun daga zaure har kicin, ba a fara mofin sai an yi shara, domin yashi da ruwa in sun haɗu taɓo suke zama. Shi ya sa a kowane shago da ake sayar da mofa, ɗaurin tsintsiya yana jingine kusa da ita, kuma shi ne yake riga ƙarewa.