Yakubu Muhammad: Muryar da Ta Riga Fuska Isowa Zango

A shekarar 1999 abubuwa biyu suka faru a ƙasar Hausa waɗanda ba kasafai ake haɗa su wuri ɗaya ba. A watan Yuni Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. A cikin shekarar kuma kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda waƙoƙinsa suka karaɗe gidajen biki daga Kano har zangunan Kumasi da Lome. Shata, kowa ya ji muryarsa ya san shi ne. Waƙar Sangaya kuwa, da yawan masu kallo sun ɗauka Ali Nuhu da Fati Muhammad ne suka rera ta, alhali bakinsu kawai ke motsi. Daga nan aka sami wani sabon irin mawaƙi a Hausa: wanda ake jin sa kullum amma ba a san shi ba.

Kafin mu zo kan Yakubu Muhammad, sai mun waiwayi inda sana'ar ta samo tushe. Fim ɗin Hausa na bidiyo ɗan wasan kwaikwayo ne. Ƙungiyoyin dirama na Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, sun daɗe suna wasa a dandali da talabijin. Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ƙirga shi a matsayin mafarin kasuwar. Masu kallo kuwa sun tashi da finafinan Indiya, inda Muhammad Rafi ko Lata Mangeshkar za su rera waƙa a situdiyo, jarumi ya hau kanta. Da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano irin na Iyan-Tama, sai mutum ɗaya ya maye gurbin ayarin makaɗa. Kalangu da kotso suka koma cikin akwati, waƙa ta zama gishirin fim.

Cikin wannan yanayi Yakubu, haifaffen Bauchi a 1973, ya shigo harkar a ƙarshen shekarun 1990. Da rubutun labarin fim ya fara, sannan ya koma rubuta waƙa da rera ta. Shekaru ya yi yana ba wa jarumai aron murya. Mu da muka tashi a Hanukope muna kallon kaset ɗin da fatake ke kawowa, mun haddace waƙoƙinsa tun ba mu san sunansa ba. Har yau a shirina na rediyo, mai sauraro zai bugo ya nemi a sa masa waƙar jarumi wane, sai na tsaya na gaya masa wanda ya rera ta.

Wannan ɓoyuwa tana da tsada. Mawaƙin dauri yana da ubangida: Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Shata yana da attajirai da masu mulki da ke yi masa kyautar riguna da motoci. Mawaƙin fim ba shi da ko ɗaya. Furodusa zai biya shi sau ɗaya a sallame shi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga kaset su sayar, masu satar fasaha su kwafa, daga baya masu tura waƙa a waya su ƙarasa abin da ya rage. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Hanyar da Yakubu ya bi ya fita ita ce ta haɗa kai. Shi da amininsa Sani Musa Danja suka kafa 2Effects, wanda ya zama ƙungiyar waƙa kuma kamfanin shirya fim a lokaci guda. Mai rubuta waƙar ya zama yana da hannu a fim ɗin da za a sa ta, yana da ta cewa kan yadda za a sayar. Sun yi finafinan kasuwa, sun yi na wayar da kai kan cutar ƙanjamau, sun hau dandali a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da wuya a sami wata abota a Kannywood da ta jima kamar tasu.

Sai a fim ɗin Gabar Cikin Gida jama'a suka fara ganin fuskar da ta daɗe tana bayan labule. Daga nan ƙofar kudu ta buɗe. Ya fito a shirin Sons of the Caliphate a 2016, sannan a Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018, inda ya zama Hamza, ɗan Alhaji Maikano. Netflix ta sayi wannan fim, Nijeriya ta miƙa shi gasar Oscar, aka cire shi a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa. Abin lura shi ne, kaɗan daga cikin abin da ba Turanci ba a fim ɗin Hausa ce.

Waɗanda suka biyo baya sun tarar da hanya a share. Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa sun fitar da kundin waƙoƙi da sunayensu. Umar M. Shareef ya tashi daga mawaƙi ya zama jarumi a fim ɗin Mansoor a 2017. Hamisu Breaker bai buƙaci wani fim ba kafin Jarumar Mata ta zagaye duniyar Hausa a 2020. Yau mawaƙi ke ɗaukar jarumi ya fito masa a bidiyo, reshe ya juye da mujiya.

Amma akwai bashin da ya rage. Mawaƙa da makaɗan fiyano na shekarun kaset, maza da mata, da yawansu sunayensu na nan a ƙarshen finafinan da ba wanda ke da na'urar kunna su yanzu. Mu masu makirfo a hannu, daga Lome zuwa Maraɗi, aikin namu ne: duk waƙar da za mu saka, mu faɗi wanda ya rubuta ta da wanda ya rera ta, tun akwai dattawan da za mu tambaya.