Taku Bakwai a Gaban Wuta: Tarihin Baƙo a Bikin Auren Hindu

A dokar ƙasar Indiya, auren mabiya addinin Hindu da yawa yana ɗauruwa ne a lokacin da ango da amarya suka sauke ƙafa a taku na bakwai a gaban wuta mai tsarki. Sashe na 7 na Dokar Auren Hindu ta 1955 ne ya tanadi haka. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa, sau da yawa wannan lokaci yakan wuce shi. A arewacin Indiya masu duban taurari kan tsayar da sa'ar ɗaurin aure da tsakar dare, bayan an ci an sha kuma yawancin mahalarta sun watse. Abin da baƙo ke komawa gida da shi shi ne hoton ango bisa farar goɗiya, da amon ganguna, da hannayen mata da suka sha lalle. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma a Indiya wannan raɓa ta bar alama. Abin da baƙi suka gani, da wanda ya kuɓuce musu, ya shiga littattafai, daga nan ya shiga kotuna, har ya kai ga yanke wa mata da yawa hukuncin ko su matan aure ne ko a'a.

Ginshiƙin bikin tsoho ne ƙwarai. Littattafan ibadar gida da ake kira Grihya Sutra, waɗanda aka tsara da harshen Sanskirit ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, sun zayyana shi kusan yadda ake yin sa a yau. Ana hura wuta a ƙarƙashin rumfa, ana zuba mata man shanu, kuma ita ce babbar shaidar auren. Uba ya miƙa 'yarsa, ango ya kama hannunta. Amarya ta taka dutse don ta zama mai tsayuwa kamarsa, ta zuba gasasshiyar shinkafa a wuta, su kewaya wutar tare. Sai taku bakwai, saptapadi, kowanne da nasa roƙo: abinci, ƙarfi, arziki, jin daɗi, zuriya, albarkar lokutan shekara, na ƙarshe kuma abota. Da dare a nuna wa amarya tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. Sai dai waɗannan littattafai na Barahmanawa ne, wato ajin malamai da limaman addinin, kuma Indiya cike take da al'ummomin da ke ɗaura aure ta wasu hanyoyi.

Ɗaya daga cikin baƙin farko da suka yi rubutu mai zurfi a kan wannan shi ne Abu Raihan al-Biruni, malamin Khawarizm da aka haifa a 973, wanda ya shiga Indiya a zamanin Sarki Mahmud na Ghazna. Ya koyi Sanskirit, ya kammala littafinsa kan Indiya a wajen 1030. Ya bayyana cewa mutanen ƙasar suna kiran baƙo mleccha, wato marar tsarki, kuma suna ƙyamar zama ko cin abinci da shi, balle haɗa aure. Wanda ke cikin wannan matsayi ba a kusantar da shi ga wutar biki, don haka mafi yawan saninsa ya samo shi ne daga littattafai da bakin malamai. Ya lura da abubuwan da za su ja hankalin Musulmi: iyaye ne ke haɗa aure tun yara suna ƙanana, ba a yanka sadaki sai kyautar da miji ya ga dama, babu saki, kuma wadda mijinta ya mutu ba ta sake aure. Bayanin ya dace da gidajen manyan azuzuwa. A tsakanin manoma, makiyaya da masu sana'ar hannu da yawa kuwa, saki da auren zawarawa al'ada ce sananniya.

Bayan kusan shekara 500, Duarte Barbosa, ma'aikacin Fotugal da ya zauna a gaɓar Malabar a kudu maso yammacin Indiya a farkon ƙarni na 16, ya ga wani abu dabam da idonsa. A wurin al'ummar Nayar, ana yi wa yarinya bikin ɗaura abin wuya mai suna tali, amma wanda ya ɗaura shi ba lallai ne ya zama mijin zamanta ba. Mace tana zaune a gidan danginta, gado yana bin wajen uwa, mutum kuma ɗan 'yar'uwarsa ne magajinsa. Da an haɗa labarin Barbosa da na al-Biruni, da an gane cewa babu bikin Hindu guda ɗaya. Masu mulkin da suka zo daga baya sun fi son amsa guda.

A 1772 Warren Hastings, gwamnan Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya a Bengal, ya tsara cewa a shari'o'in aure da gado za a yi wa Musulmi hukunci da Alƙur'ani, mabiya Hindu kuma da littattafansu. Aka tara malaman Hindu 11 suka harhaɗa dokoki da Sanskirit, aka juya su zuwa Farisanci, sannan Nathaniel Halhed ya mayar da su Ingilishi a 1776. A 1794 William Jones ya fassara dokokin Manu. A kudu kuma, Jean-Antoine Dubois, ɗan mishan Bafaranshe da ya zauna a ƙasar daga 1792 zuwa 1823 yana sanye da tufafin mutanen gari, ya bayyana bikin Barahmanawa mai ɗaukar kwana biyar. Kamfanin ya sayi rubutunsa, ya zama abin karatun jami'an mulki. Daga baya masaniyar tarihi Sylvia Murr ta nuna cewa yawancinsa ya ɗauko ne daga rubutun wani ɗan mishan da ya gabace shi, Gaston-Laurent Coeurdoux. A 1864 aka sallami malaman Hindu da ke ba kotuna shawara, alƙalan Ingila suka dogara ga fassara da hukunce-hukuncen junansu.

Sakamakon ya faɗa kan waɗanda bikinsu bai yi kama da na littafi ba. Kotunan mulkin mallaka sun ƙi ɗaukar zaman aure irin na Nayar, wanda ake kira sambandham, a matsayin aure na doka. Dokar Auren Malabar ta 1896 ta ba da damar yi masa rajista, amma kaɗan ne suka yi. Tsarin gidan gado ta wajen uwa ya yi ta zaizayewa har jihar Kerala ta soke shi da dokar 1975.

Idon baƙo ya kuma taɓa batun shekarun amarya, ko da yake 'yan ƙasa ne suka ɗauki nauyin gwagwarmayar. Ishwar Chandra Vidyasagar ya yi fafutukar da ta haifar da dokar halatta auren zawarawa a 1856. Rukhmabai, wadda aka aurar tana da shekara 11, ta ƙi tarewa, shari'arta ta girgiza Bombay da Landan a shekarun 1880, daga baya ta zama likita. A 1927 Ba'amurkiya Katherine Mayo ta wallafa littafin da ya yi amfani da auren wuri don nuna cewa Indiyawa ba su isa mulkin kai ba. Gandhi ya kwatanta shi da rahoton mai duba magudanun ruwa. Fushin da ya tayar ya ƙara wa ƙungiyoyin matan Indiya ƙaimi, a 1929 aka kafa Dokar Sarda mai tsayar da shekara 14 ga mace da 18 ga namiji. A 1978 aka ɗaga su zuwa 18 da 21.

Indiya mai 'yanci ta gaji wannan tarihi duka. Dokar 1955 ta hana namiji mace fiye da ɗaya, ta buɗe ƙofar saki, ta kuma yarda a ɗaura aure bisa al'adar ɗayan ɓangarorin biyu, tare da sharaɗin cewa inda al'adar ta ƙunshi taku bakwai, na bakwai ne ke kammala shi. Amma alƙalai sun ci gaba da neman wuta da taku. A 1965 Kotun Ƙoli ta wanke wani mutum daga jihar Maharashtra da aka kama da laifin ƙara aure, saboda ba a tabbatar an yi waɗannan ibadu a aurensa na biyu ba. Uwargida ta rasa hukuncin da ta nema, amarya kuma ta tashi ba matar kowa ba a idon doka. A ƙasar Tamil, mabiyan Periyar sun daɗe suna ɗaura aure ba liman ba wuta, don ƙin fifikon Barahmanawa. Babbar Kotun Madaras ta ƙi amincewa da irin wannan aure a 1953, sai da majalisar jihar ta gyara doka a 1967 ya halatta.

Baƙon yau ya samu matsayin da al-Biruni bai samu ba. Ana shafa masa kurkum, ana ɗaura masa rawani, ana jan shi cikin ayarin ango. Ana koya masa ya cire takalmi kafin ya kusanci rumfa, ya guji fararen kaya da ake dangantawa da makoki, ya sa kuɗin gudummawarsa su ƙare da ɗaya, kamar rupi 501 ko 1001. Har kamfani aka kafa, JoinMyWedding, mai sayar wa 'yan yawon buɗe ido tikitin halartar biki. Shi ma baƙon yakan iso da hotonsa a kai, wanda fim ya zana masa. Fim ɗin Hum Aapke Hain Koun na 1994 ya yaɗa daren waƙa da rawa da wasan sace takalman ango zuwa yankunan da ba su san su ba. Masu kallo a Kano, inda finafinan Indiya suka samu karɓuwa tun shekarun 1950, su ma wannan biki na attajiran arewacin Indiya suka fi sani. Abin da fim ba ya yawan nunawa shi ne dukiyar da gidan ango ke karɓa daga iyayen amarya, wadda doka ta haramta tun 1961 amma ba ta daina cinye gidaje da rayukan mata ba.

A watan Afrilun 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta sake jaddada cewa takardar rajista kaɗai ba ta ɗaura auren Hindu idan ba a yi ibadun da suka dace ba. Tambayar waɗanne ibadu ne suka dace kuwa tana nan tun zamanin Hastings. Baƙon da ya kwana a gaban wuta a Rajasthan zai ce sai da taku bakwai. Wanda ya halarci bikin Nayar a Kerala zai ce cikin 'yan mintoci aka gama, a gaban fitilar mai, da ɗaura tali da miƙa wa amarya tufa. Kowannensu gaskiya ya gani, kuma abin da ya gani na gidan da ya gayyace shi ne kawai.