Zaɓen Kayan Haɗa Firam ɗin Rauta Don Daidaita Fuskar Falanki

Idan kai kafinta ne a Damagaram, ka san wahalar da falanki mai faɗi yake bayarwa. Bayan an tsaga shi daga gungume, fuskarsa takan fito da tudu da kwari, wani lokaci ma a murɗe. Babban injin goge katako yana da tsada, kuma ba ya karɓar falankin da ya fi bakinsa faɗi. Akwai hanya mai sauƙi da za ka bi, wato ka haɗa firam da kanka, ka ɗora masa ƙaramin injin da ake kira rauta. A shagunan Nijar za ka same shi da sunan Faransanci, défonceuse.

Mene ne firam ɗin rauta?

Firam ɗin yana da sassa uku. Na farko shi ne gindi, wato shimfiɗar da ake kwantar da falanki a kanta. Na biyu layuka biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar layin dogo. Na uku ita ce gada, wadda take haye falankin daga wannan layi zuwa wancan. Rauta tana zaune a cikin gadar, bakinta yana leƙowa ƙasa ta wata doguwar tsaga. Kana tura ta gaba da baya tana aske tudun katako, sannan ka matsar da gadar kaɗan ka sake turawa.

Ka riƙe wannan magana da kyau: rauta ba ta san daidai ba, hanyar da aka shimfiɗa mata kawai take bi. In layi ya karkace, fuskar falanki za ta karkace. In gada ta lotsa a tsakiya, falanki zai fito da kwari kamar akushi. Saboda haka ingancin aikinka yana farawa ne tun daga ranar da ka je sayen kaya.

Me ya sa kuskure yake da tsada a nan?

Babban itace ba abin wasa ba ne a ƙasar Damagaram. Ana ba da labari cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, ya kuma sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. A zamanin nan akwai dokar gandun daji ta ranar 8 ga Yuni 2004, kuma sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake sare itatuwan da hukuma ta kare. Gawon da ya cika gonakin Magariya da Matameye da Mirya, manoma ne suka raine shi shekara da shekaru don amfanin ƙasa da dabbobi. Yawancin katakon da ake sayarwa a Zinder daga kudu ake kawo shi, ta hanyar Nijeriya. In ka lalata falanki ɗaya mai faɗi, ka yi asarar kuɗi, ka kuma yi asarar abin da ba a mayar da shi da wuri.

Yanayin garinmu da halin katako

Katako yana shan laima, yana kuma fitar da ita. Da damina, musamman a Yuli da Agusta, yana kumbura. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, sai ya tsuke, ya tsage ko ya murɗe. Layin katako da ka daidaita a watan Agusta yana iya baudewa kafin Janairu. Ga kuma gara, wadda ba ta raga wa katakon da aka bari a ƙasa. Don haka kayan da za ka zaɓa su kasance masu halaye biyu: kada su lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi, kada kuma su sauya da sauyin yanayi.

Kayan layuka

Abin da ya fi dacewa shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, irin wanda masu walda suke yin ƙofa da shi. Nemi mai faɗin milimita 40 da tsayin milimita 60, kaurin jikinsa kuma kada ya gaza milimita 2. Ka kafa shi a kan siririn gefensa, domin ta nan ya fi ƙarfi. Alminiyom ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, amma in girmansu ɗaya da ƙarfe, ya fi ƙarfen lanƙwashewa wajen sau uku. Rodin gini bai dace ba ko kaɗan.

Kada ka ɗauka duk sabon bututu miƙaƙƙe ne, domin da yawa suna lanƙwashewa wajen lodi da sauke kaya. Tafi kasuwa da zare. Ja zaren ya yi tauri daga wannan kai zuwa wancan, ka duba ko akwai tazara tsakaninsa da ƙarfen. Ka gwada dukkan fuskokin huɗu kafin ka biya.

Wajen haɗawa, gara ka huda ka ɗaure da noti. Zafin walda yana jan ƙarfe ya karkace, kuma abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi a gyara. In babu halin sayen ƙarfe, manna filawud biyu masu kaurin milimita 18, ka kafa su a tsaye.

Kayan gada

A gada ne aka fi yin kuskure, domin ita take ɗauke da nauyin rauta da na hannunka, kuma babu abin da ya tokare ta a tsakiya. Ga ƙa'idoji biyu da injiniyoyi suka tabbatar. In ka ninka tsawon gada sau biyu, lotsawarta tana ƙaruwa sau takwas. In ka ninka tsayin bangonta sau biyu, taurinta yana ƙaruwa sau takwas. Kenan kada gadar ta yi tsawon da ba ka bukata, kuma ka yi mata bango mai tsayi.

Yi amfani da filawud mai kaurin milimita 18, domin an manna shi ne hawa-hawa a gicciye, shi ya sa bai cika motsi da yanayi ba. Yanka ƙasan gadar, ka kafa bango biyu masu tsayin santimita 10 zuwa 15 a gefensa, ka haɗa da gam da sukuru. Ƙarfe mai kusurwa guda biyu ma yana yi, in gadar gajeriya ce. Guji katakon da aka yi da niƙaƙƙen gari, wanda ake kira MDF: yana da santsi, amma yana lotsawa, kuma ruwa yana kumbura shi. Farin katako ɗanye shi ma bai dace ba.

A kowane kan gada ka sa ɗan katako a ƙasa don kada ta zame daga layi. Wuraren da suke gogar juna ka shafa musu kyandir. Kada ka sa man inji, domin yana kama ƙura kuma yana ɓata katako.

Gindi da gwajin zare

Gindi ya zama tebur mai ƙarfi ko daɓen siminti, a cikin inuwa. Bayan ka kafa layukan, ja zare biyu a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗaga zaren sama da guntun zare irinsa a kowane kai. In zaren biyu sun ɗan taɓa juna a tsakiya, layukan sun daidaita. In akwai tazara, ko ɗaya yana danne ɗaya, sa ƴar takarda ko siririn ƙarfe a ƙarƙashin kusurwar da ta yi ƙasa, ka sake gwadawa.

Kafin ka kunna inji

Ka tabbata falankin ya bushe sarai, in ba haka ba zai sake murɗewa bayan ka gama. Cire duk ƙusar da take jikinsa. Tokare shi da ƴan guntayen katako don kada ya yi rawa. Nemi baki mai faɗin gindi, wanda ƙotarsa ta kai milimita 12, kuma kada ka aske fiye da milimita 2 a tafiya ɗaya. Rufe hanci da idanu da kunnuwa, domin ƙurar jan katako irin maɗaci tana cutar da ƙirji. Duk lokacin da za ka sauya baki, ko aka ɗauke wuta, zare filogi daga bango.

Gwajin farko ka yi shi a kan guntun katako marar daraja. In ka gama, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa ka leƙa ta ƙasa. In haske bai ratsa ba, firam ɗinka ya isa a kawo masa falankin mai kuɗi.