Tarihin Gada: Daga Fito Zuwa Auren Ƙarfe Da Kankare

Jama'a, duk wanda ya taɓa tashi daga Dutse zuwa Kano ya san sai ya haye gadar Wudil, amma kaɗan ne daga cikinmu ke leƙawa su ga abin da ke ɗauke da motar. Kakanninmu ba su sami wannan gata ba. Da damina ta sauka, kogin Haɗeja, wanda ya ratsa Wudil da Ringim, sai ya raba ƙasa biyu. Fatake kan yada zango a gaɓa suna jiran masu fito, a ƙetarar da mutane da kaya cikin jirgin ruwa ko a kan gora, dabbobi kuwa a kora su su yi iyo.

Manyan gadojin ƙarfe sun shigo ƙasar nan ne tare da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, amma a lokacin sai an ɗora taragu a jirgin ruwa a ƙetare kogin Kwara a Jebba, har zuwa 1916 da aka kammala gadar can. Ta Makurɗi a kan kogin Binuwai an buɗe ta a 1932, ta Anacha kuma a 1965. Mu nan, layin Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930 shi ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya kwashi gyaɗarmu. Ƙarfen waɗannan ayyuka daga Turai aka kawo shi, ga tsada, ga shi kuma sai an riƙa bin sa da fenti saboda tsatsa.

Shi kuwa kankare, wato siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, yana da arha, kuma ba ya tsoron danniya. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jure ja. Ƙarfinsa wajen ja bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danniya ba. To, duk lokacin da mota ta hau gada, saman gadar na matsewa, ƙasanta na miƙewa, kuma ta nan ƙasan ne kankare zalla zai tsage. Wani Bafaranshe mai aikin lambu, Joseph Monier, ya fara sa ragar ƙarfe cikin tukwanen siminti na shuke-shuke, ya yi wa dabarar rajista a 1867, sannan a 1875 ya gina gada da ita a Chazelet. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce wajen maginanmu. Duk wanda ya dubi bakan gizo na soron gargajiya ya san azara ce a cikin laka, kowace na rufa wa 'yar'uwarta asiri.

Abin da ya sa auren ya ɗore shi ne, in zafi ya tashi, ƙarfe da kankare kusan daidai suke buɗewa, in sanyi ya sauka kuma daidai suke tsukewa. Ga wanda ya san ranar bazara da sanyin hunturu a ƙasar Dutse, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka kankare na kare rodi daga tsatsa muddin ruwa bai sami kafa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wata dabara ta bazu. Ana shimfiɗa manyan ƙarafa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a yi wa bayansu waldar gajerun ƙusoshi masu kai, sannan a zuba daɓen kankare a kansu. Ƙusoshin nan su ke hana daɓen zamewa, sai kankare ya ɗauki danniya a sama, ƙarfe ya ɗauki ja a ƙasa. Malamanmu na kimiyya za su tuna misalin katako biyu: in ka ɗora ɗaya kan ɗaya kawai, da in ka manne su suka zama guda, na biyun ya ninka na farko sau biyu wajen ɗaukar nauyi, sau huɗu wajen ƙin lanƙwashewa. A 1928 kuma injiniya Eugène Freyssinet ya yi rajistar dabarar ɗaure kankare da igiyoyin ƙarfe da aka ja suka yi tsam, kuma irin waɗannan ne ake yawan gani a sababbin titunanmu. Da masana'antun siminti suka buɗe a Sakkwato a 1967 da Ashaka a 1979, kayan aiki suka matso kusa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama hedikwata, hanyoyin da ke haɗa ta da Ringim da Haɗeja da Birnin Kudu suka zama jijiyar jihar. Sai dai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, kuma babban abokin gabar gada a irin wannan wuri shi ne zaizaya. Ruwa kan kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi ko ya cinye ƙasar da aka cika a bakin gada, sai a wayi gari gada na tsaye, hanya ta yanke. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana haka, inda garuruwa suka koma dogara da kwale-kwale kamar zamanin kakanni.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda Allah ya ɗora a kan ma'aikatu da ƙananan hukumomi da sarautu, mu tsawata wa masu ɗibar yashi a gindin gada, da masu yanke ƙarafan gefe su kai wa 'yan gwangwan. In ka ga rodi ya fito fili, ko jan tsatsa na zubowa daga tsaga, ko magudanar ruwan gada ta toshe, ka sanar da Ma'aikatar Ayyuka tun kafin damina. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.