Sharaku: Mai Zanen Da Ya Ƙi Yi Wa 'Yan Wasa Kwalliya

Mai karatu, in kana zaton sai da fim ya zo aka fara sayar da hoton ɗan wasa ga masoyansa, to gyara zama ka sha labari. Tun kafin a ƙirƙiro kyamara mutanen Japan ke cin wannan kasuwa.

Suna da wani wasan dandamali da ake kira kabuki, wanda wata mata mai suna Okuni ta fara a birnin Kiyoto wajen 1603. A 1629 hukuma ta hana mata fitowa, sai maza suka koma yin shigar mata. Wasan ya bunƙasa a birnin Edo, wato Tokiyo ta yanzu, har 'yan kallo suka shiga neman hoton gwanayensu su kai gida.

Ga yadda ake yin hoton. Mai zane zai zana a takarda, masassaƙi ya manna ta a kan katako ya sassaƙe, mai bugu ya shafa launi ya danna farar takarda a kai. Kowane launi da nasa katakon. Da katako ɗaya sai a buga ɗaruruwa, shi ya sa kuɗin hoto bai fi na kwanon taliya da wani abin kirki ba. Mai shagon bugawa shi ne furodusa: shi ke zuba jari, shi ke zaɓen ɗan wasan da za a zana.

A 1794 wani mai shago, Tsutaya Juzaburo, ya fito da sabon mai zane wai shi Sharaku. Tashin farko ya saki hotuna 28, fuska ta cika takarda, bayanta an shafe da garin wani dutse mai ƙyalli. To amma fa Sharaku bai san kara ba. Mai dogon hanci ya ba shi hancinsa. Namijin da ya yi shigar mata ya bar masa muƙamuƙinsa na maza. Dubi hoton Otani Oniji na 3, inda ya fito a mugun bara mai shirin ƙwace kuɗi: baki a murguɗe, yatsu a bubbuɗe, kai ka ce wuyanka zai shaƙe.

Masoya kuwa kyakkyawan gwaninsu suke so. Sai suka karkata ga Utagawa Toyokuni, wanda ke gyara wa ɗan wasa fuska. Cikin wata 10 kacal Sharaku ya yi hotuna kusan 140, a farkon 1795 ya yi ɓatan dabo. Masana da dama na ganin wani ɗan wasa ne mai suna Saito Jurobei ya ɓuya a bayan sunan.

Sai a 1910 wani Bajamushe, Julius Kurth, ya rubuta littafi a kansa, duniya ta waiwayo. Yau hoton nan na Oniji yana cikin zane-zanen Japan da aka fi sani, ana adana shi a manyan gidajen tarihi.

Toyokuni ya samu kasuwa da ɗimbin almajirai, ba wanda zai raina masa. Amma in kana son ganin yadda ɗan wasa ke murtuke fuska a tsakiyar aiki a 1794, wurin Sharaku za ka je. Saboda haka, mai karatu, ranar da ka ga an faɗi gaskiya kan jarumin da kake so, ka ɗan yi haƙuri kafin ka ɗauko biro ka zazzaga wa mai sharhi ruwan masifa.