Daurama a Wasan Kwamfuta: Nazarin Gidan Sarautar Daura a Crusader Kings III

1.0 Gabatarwa

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da ake kira wasannin manyan dabarun mulki, inda ake shimfiɗa wa mai wasa taswirar duniya ta wani zamani, a danƙa masa ragamar wata ƙasa, ya yi ta juya al'amuranta na tsawon ƙarnoni. Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya yi fice wajen ƙera irin waɗannan wasanni. Shi ne ya fitar da Crusader Kings a shekarar 2004, da na biyunsa a 2012, sannan na uku a ranar 1 ga Satumba, 2020. Ya zuwa shekarar 2023 an sayar da kwafin na ukun fiye da miliyan 3.

Abin da ya bambanta Crusader Kings da takwarorinsa shi ne, ba ƙasa ake ba mai wasa ba, mutum ake ba shi, wato sarki ko hakimi mai suna da hali da mata da 'ya'ya. Idan wannan tauraro ya mutu, sai mai wasa ya koma jikin magajinsa, haka har zuwa shekarar 1453, muddin dai sarauta ba ta fita daga gidan ba. Daga cikin 'yan taurarin da kamfanin ya fito da su fili domin mai wasa ya fara da su a shekarar 867, tare da Rurik kakan sarakunan Rasha da Almos kakan sarakunan Hungari, akwai Daurama ta Daura. Wannan maƙala za ta dubi yadda wasan ya kawo Daurama, ta auna shi da abin da labarin Bayajida da binciken masana suka ƙunsa. Dalili kuwa shi ne, akwai ɗimbin matasa a Turai da Amurka da Asiya waɗanda ta wannan kafa ce kaɗai suka taɓa jin sunan Daura.

2.0 Matsalar Shekarar 867

Ba don Daura aka zaɓi shekarar 867 ba. A cikinta ne mayaƙan arewacin Turai suka kashe Aella, sarkin Nortumbiriya da ke Ingila, kuma a cikinta ne Basil na Ɗaya ya hau gadon daular Rumawa ta Gabas. Da aka tsayar da shekarar, sai ya zama dole a samar wa kowane lungu na taswira mai mulki, ko tarihi ya adana sunansa ko bai adana ba. Ta haka ne Daurama ta sami kanta a wannan shekara.

Shi kuwa labarin Bayajida ba ya ɗauke da shekara. Abin da ya ce shi ne, wani baƙo ya taso daga Bagadaza ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, ya gudu da ita, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Masu neman sanya wa labarin lokaci hanyoyi biyu suka fi bi. Ta farko ita ce ta H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908. Littafin ya kawo tsawon mulkin kowane sarki, sai aka yi lissafi da baya aka ɗora farkon sarautar Bagauda a shekarar 999. To, idan Bagauda ɗan Bawo ne, Bawo kuma ɗan Daurama, akwai shekara 132 tsakanin 867 da 999, tazarar da ta yi wa kaka da jika yawa ainun. Ta biyu ita ce ta Hallam (1966), wanda ya danganta Bayajida da Abu Yazid, Babarbaren nan da ake yi wa laƙabi da Mai Jaki, wanda ya yi wa Fatimawa tawaye a Afirka ta Arewa aka kashe shi a 947. A wannan ra'ayi, mabiyansa da suka tsere kudu su ne suka zo da sunan. Idan an bi wannan, a shekarar 867 ba a ma haifi Abu Yazid ba.

Ita kanta Daurama ba a haɗu a kan matsayinta ba. A bakin jama'a ita ce wadda Bayajida ya aura. Amma a jerin magajiyoyi goma sha bakwai da aka rubuta daga Daura, wanda ya fara da Kufuru, ita ce ta tara, wadda ta tashi daga Tsohon Birni ta kafa garin da ya ɗauki sunanta, bayanta kuma wasu takwas sun yi mulki kafin sarauta ta koma hannun maza. Wasan kwamfuta ba ya iya riƙe ruwaya biyu a lokaci guda. Dole ya zaɓi ɗaya, ya ba ta shekaru da fuska, kuma da zarar ya yi haka, abin da masana ke taƙaddama a kansa ya zama tabbas a idon mai wasa.

3.0 Gado da Gidan Sarauta

A nan ne wasan ya fi kusantar labarin, kuma a nan ne ya fi yin nesa da tarihi. Ƙa'idar gado ga ƙananan masarautu a farkon wasan ita ce rabo: idan mai mulki ya mutu, a kasa ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa, babba ya ɗauki babbar sarauta, ƙannensa su kama gabansu. Duk wanda ya san labarin 'ya'yan Bawo zai ga kamar don su aka tsara wannan ƙa'ida. Gazaura ya gaji Daura, Bagauda ya tafi Kano, Kumayau Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamna Kogi Rano, aka haɗa da Biram suka cika bakwai. Mai wasa da ya sha wahalar haɗa ƙasa, ya ga ta wargaje a hannun 'ya'yansa, ya maimaita labarin Hausa Bakwai ba tare da ya sani ba.

Sai dai tun 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa ba ta haka ƙasashen Hausa suka kafu ba. A bincikensa, ƙauyuka ne suka bunƙasa suka zama garuruwa, wasu garuruwan kuma suka zama birane saboda ƙasar noma mai kyau, da tama, da hanyoyin fatauci, da duwatsun da ake ganin mazaunin iskoki ne irin su Dala. Birni ya tara baƙi iri-iri waɗanda jini bai haɗa su ba, daga nan aka buƙaci sarki wanda ikonsa ya rataya a kan ƙasa. Ke nan labarin 'ya'yan Bawo ya fi kama da bayanin da aka yi daga baya domin ƙulla zumunci tsakanin sarakunan da suka riga suka kafu. Abin lura ma shi ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri ya ambaci Bawo a matsayin bawan Sarkin Barno, wato wata ruwaya daban wadda ke bayyana dalilin kai gaisuwa Barno. Kowace ruwaya da buƙatar da take biya.

Haka kuma, sarautar Hausa ba dukiya ba ce da ake kasawa. 'Ya'yan sarki da jikokinsa suna da damar nema, amma masu zaɓen sarki ne ke tsayar da ɗaya, sauran a ba su sarautu ko su zauna jiran wani jiƙon. Tarihin Kano ya danganta kafa majalisar Tara ta Kano ga Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya hau gado shekara goma bayan wasan ya rufe labule. Wannan ma wata asara ce ga mai wasa: zamanin da bayanai suka fi yawa a kan ƙasar Hausa, na Rumfa da Muhammadu Korau da Amina ta Zazzau, kusan dukkansa yana wajen iyakar wasan. Wanda ke son ganin Kano da Katsina da Zazzau a wannan zamani sai ya koma Europa Universalis IV na 2013, wanda ke farawa daga 1444, a can kuwa ƙasa ce tauraruwa, sarakuna sunaye ne kawai da 'yan lambobi.

Akwai wani juyi da ya cancanci a tsaya a kansa. A wasan, 'ya'ya gidan uba suke bi, sai idan an ƙulla auren da sharaɗin su bi gidan uwa. Saboda haka duk mai wasa da mace, babbar damuwarsa ita ce kada sarauta ta sulale zuwa gidan miji. Wannan sulalewa kuwa ita ce ainihin abin da labarin Bayajida ke bayarwa: da haihuwar Bawo aka daina naɗa mata. A labari Daurama rufin ƙofa ce, a wasa kuwa ita ce mabuɗi. Duk da haka mata ba su fita daga mulkin Daura gaba ɗaya ba, domin M. G. Smith (1978) ya nuna cewa sarautar Magajiya ta ci gaba a matsayin babbar sarauta a fadar Daura, mai ikon tsawata wa sarki. Irin wannan iko, na wadda ba ta kan gado amma ana shakkarta, shi ne abin da ya fi wuyar sanyawa a cikin lissafin kwamfuta.

4.0 Addini da Matakan Cigaba

Wasan ya kira addinin Daurama da sunan Bori, ya kuma sanya masarautarta cikin rukunin mulkin ƙabila. Sunan bai zauna daidai ba, domin bori ɓangare ne na bautar iskoki, wanda ya shafi hawa da girka da magani, ya kuma rayu cikin birane tare da Musulunci. Tsafin Tsumburbura da Barbushe ke jagoranta a Dala wani abu ne da ya fi wannan faɗi.

An keɓe wa Daurama wani kambu na musamman, mai ma'anar uwar kowa da kowa. Ana samunsa ne idan zuriyarta ta yi wa wani addinin gargajiya na Afirka kwaskwarima, ta tsara shi, sannan ta shigar da duk yankin Afirka da ke taswirar a cikinsa. A tsarin wasan ma, mai mulkin ƙabila ba ya hawa mataki na gaba sai addininsa ya zama tsararre. Wannan tsani na ƙabila zuwa daula tsohon tunani ne na marubutan mulkin mallaka, irin wanda Yusufu Bala Usman ya yi wa raddi a littafinsa kan Katsina (1981). Abin da ya faru a zahiri ya fi haka sarƙaƙiya. Wangarawa sun iso Kano daga Mali a zamanin Yaji (1349–1385), sarki ya karɓi salla, amma fada ta ci gaba da riƙe wasu al'adun dā har ƙarnoni bayan haka, ana tafiya da biyun.

Dangane da ɗorewar gida kuwa, tarihin Daura na baya-bayan nan ya zarce abin da wasan ya tanada lokacin fitowarsa, inda rasa ƙasa ke nufin ƙarshen wasa, kafin a ƙara damar yin yawo ba ƙasa a 2024. A wajen shekarar 1805 masu jihadi suka ci Daura, Malam Isiyaku ya hau, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ta rabu, wasu suka zauna Zango, wasu Baure, suna riƙe da sunan sarautar kusan shekara ɗari ba tare da birnin ba. A 1906 Turawan Ingila suka maido da Malam Musa daga wannan zuriya kan gadon Daura, gidan da ke riƙe da sarautar har yau.