Laifi da Zuciyar Mai Laifi: Waiwaye Daga Ƙasar Gobir

Ranar da na koma gida Unguwar Lalle hutun farko, kawuna ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Kai ɗana, wai mi kaka karantawa can jami'a?" Na ce masa, "Kawu, ilmin halayyar ɗan Adam ne, haɗe da ilmin nazarin laifuffuka." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Watau karatun ɓarayi. To, mu da muka kwana da su, mi za a gaya muna?" A ranar ban iya ba shi amsa ba, domin mutum ne da aka kore wa shanun noma, ya kuma yi shekara bai taka gonarsa ta nesa ba. Wannan 'yar maƙala ƙoƙari ne na biyan bashin waccan amsa, kuma a cikin tarihin ƙasarmu na nemo ta.

Bari in fara da asalin fannonin biyu a taƙaice. A shekarar 1764 wani Ba'italiye, Cesare Beccaria, ya wallafa littafi a kan laifi da horo, inda ya nuna cewa abin da ke hana mutum aikata laifi shi ne tabbacin za a kama shi a hukunta shi da wuri, ba tsananin azaba ba. A 1876 wani likita ɗan ƙasarsu, Lombroso, ya zo da wata magana dabam. Ya bi fursunoni yana auna ƙoƙon kansu da muƙamuƙinsu, ya ce akwai waɗanda da laifi aka haife su, kuma ana gane su a fuska. A 1913 Charles Goring na Ingila ya gwada fursunoni wajen 3,000 da mutanen gari, ya rushe wannan da'awa. Shi kuwa ilmin halayyar ɗan Adam, ya tsaya da ƙafarsa ne a 1879, sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus. Fanni ɗaya yana tambayar me aka aikata, a wane irin gari, ɗayan kuma yana tambayar me ke cikin zuciyar wanda ya aikata.

To, amma fa kada mai karatu ya ɗauka sai da Turawa suka zo aka fara waɗannan tambayoyi a ƙasar Gobir. Wajen shekarar 1788 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami. Ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya nemi abubuwa biyar. Biyu daga cikinsu su ne a saki waɗanda ke tsare, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ka ga ke nan ya haɗa kurkuku da aljihun talaka a magana guda. A cikin Kitabul Farƙi kuma ya zargi sarakunan zamanin da cewa sun mai da hukunci hanyar cin dukiya, a kama ɓarawo ko mai kisan kai a karɓe abin hannunsa a sake shi. Ba na kawo wannan don in ci mutuncin kakanninmu Gobirawa ba, ni ma ɗansu ne. Na kawo shi ne domin ya yi daidai da abin da muke karantawa a aji: ranar da hukunci ya zama abin saye, ranar tsoronsa ke fita daga zukata.

Malaman jihadi, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, sun dogara da littattafan Malikiyya kamar Tabsira ta Ibn Farhun. A can an raba waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, da wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kowanne da yadda alƙali zai bi da shi. Haka kuma shari'a ta ɗauke alhaki daga yaro da mahaukaci da mai barci, ta kuma bambanta kisan ganganci da na kuskure. Mene ne wannan in ba duba hankali da niyya ba?

Tarihin yankinmu kansa darasi ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga bisani kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zauna a matsayin ribaɗi a hannun zuriyar Sarkin Musulmi Bello. Shekaru da dama wannan tsakani ya kasance ƙasar hari da ramuwar hari, inda wanda ya koro shanu jarumi ne a garinsu, ɓarawo ne a garin da ya koro su. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, suka ja iyaka tsakaninsu da Faransa, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗo nan. Daga nan mai laifi ya sami mafaka sabuwa: ya yi ɓarna a ƙasa guda, ya kwana a wata.

A zamanin En'e, dogarai da 'yan doka da alƙali da yari su ne ke riƙe da sha'anin. Ƙarfin wannan tsari shi ne sani. Mai unguwa ya san kowane baƙo da wanda ya saukar da shi, sarkin pawa ya san dabbar da aka kawo ba ta halas ba. Rauninsa kuwa shi ne zalunci, don an sha ɗaure mutane saboda haraji ko siyasa. A 1960 aka fara aiki da dokar Final Kot a Jihar Arewa, wadda aka tsara bisa ta Sudan. Sashe na 50 ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, sashe na 51 kuma ya kare wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin tarayya ta karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Zalunci ya ragu ta wani gefe, amma aka kawo ɗan sandan da bai san hanyar rafi ba, balle gidan ɓarawo. A 1970, bayan yaƙin basasa, aka kafa dokar harbe 'yan fashi, aka riƙa ɗaure su jikin ganga a bainar jama'a. Fashi bai ƙare ba, kamar dai yadda Beccaria ya hango.

A jami'o'inmu, Nsukka ce ta fara buɗe sashen ilmin halayyar ɗan Adam a 1964. Kafin nan, a 1954, Likita Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, suna zaune tare da danginsu a gidajen mutane. Nazarin laifuffuka kuwa ya girma ne a ƙarƙashin ilmin zaman jama'a, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda marigayi Farfesa Femi Odekunle, wanda ya rasu a 2020, ya koyar da ɗalibai masu yawa. Daga baya wasu jami'o'i, kamar ta Tarayya da ke Dutse, suka ba shi digiri nasa na kansa.

Yanzu sai mu dawo gida. Ta'asar da ta kunno kai a Zamfara wajen 2011 ta gangaro mana. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya ji ƙansa. Dubban 'yan'uwanmu sun tsallaka Maraɗi gudun hijira.

A nan ne na ga amfanin haɗa fannonin biyu. Nazarin laifuffuka zai nuna maka burtalin da aka nome, da tarar da aka ci makiyayi ba bisa ƙa'ida ba, da bindigar da ta ƙetaro iyaka, da kasuwar da ke sayen shanun sata. Amma ba zai gaya maka yadda yaro ɗan shekara 15 ke harbin tsoho yana dariya ba. Wannan sai ilmin halayya: yaron da ya ga gawar ubansa, ya tashi ba makaranta, aka ɗora shi a kan ƙwaya, ya tarar babu inda ake girmama shi sai cikin daba. Fahimta ba yafewa ba ce, wanda ya zubar da jini dole ya fuskanci shari'a. Sai dai likitan da bai san asalin ciwo ba, magani yake ɓatawa. Kuma duk wanda ya ce wata ƙabila da sata aka haife ta, ya kama mutum a kasuwa don kamanninsa, to kuskuren Lombroso ya maimaita, kuma ɗan wanda ya kashe shi ne zai shiga daji gobe.

Akwai kuma waɗanda aka manta: matar da aka sako bayan an biya fansa ba ta ƙara magana ba, da yaran da ke firgita in sun ji ƙarar babur. Ko an ajiye bindiga yau, wa zai zauna da su, da harshen da suke ji?

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan wannan ƙungiya, mu shiga waɗannan fannoni, mu nemo musu kalmomi da Hausa, mu tattara abin da tsofaffinmu suka sani kafin su ƙare. Da na koma hutu na biyu na karanta wa kawu wani ɓangare na wannan rubutu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah shi yi albarka. Amma in ka ƙare, nan za ka dawo, ko Abuja?" Na ce masa nan, in Allah ya yarda.